Harafin da Ya Rabu da Sautinsa: Zanen Ibrahim El-Salahi

An haifi Ibrahim El-Salahi a Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin Alƙur'ani. Ya koyi zanen Turawa a makarantar Slade ta Landan, ya dawo Khartum yana koyarwa. Sai dai salon da ya zo da shi bai ja hankalin mutanen ƙasarsa ba. Wannan ya mayar da shi ga haruffan Larabci, ya riƙa warware su yana miƙar da su, har fuskoki da dabbobi suka fito daga cikinsu.

Harafi dai yana da sauti, yana kuma da siffa. El-Salahi ya riƙe siffar, ya saki sautin. Mai zayyanar allo a Illela ko Birnin Ƙonni kuwa komai adon da ya zuba, tilas ayar ta karantu.