Yadda Ake Haɗa Ƙasar Renon Tumatir da Barkono a Gida

Manomi, kuɗin irin tumatir mai kyau yana da yawa. Idan ka zuba shi a ƙasa marar kyau, zai tsiro, bayan 'yan kwanaki gindinsa ya ruɓe ya kwanta. Sai ka yi asarar iri, lokacin dashe kuma ya wuce ka. Ba sai ka sayi ƙasar reno ta kanti ba. Ƙasar gonarka ta isa, muddin ka gyara ta.

Me ya sa ake gyara ƙasa?

Ƙasar gona idan aka zuba ta a gwangwani ko leda takan dunƙule ta yi tauri, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska. Kuma tana ɗauke da irin ciyawa, da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da gindin tsiro, da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli.

Inda za ka ɗebo ƙasa

Ɗebi ƙasar sama kawai, kada zurfin ya wuce taƙi ɗaya. Kada ka ɗebo daga inda aka noma tumatir, barkono, gauta, taba ko dankalin Turawa cikin shekara 3 da suka wuce, domin cutarsu ɗaya ce. Ka guji ƙasar bola da ta bakin kwata.

Yadda ake haɗawa

1. Ƙasar sama, kwano 2.
2. Takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, kwano 1. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro.
3. Yashin rafi, kwano 1. Idan ƙasarka jigawa ce, rage yashin.

Tankaɗe su da rariya, ka cuɗa sosai. Yayyafa ruwa, ka damƙi ƙasar a hannu. Idan ta dunƙule, kuma ka taɓa ta da yatsa ta warwatse, to haɗin ya yi. Idan ta manne kamar yumɓu, ƙara yashi.

Dafa ƙasa

Wannan shi ne babban aikin. Zuba ƙasar da danshinta a rabin duro, ka binne dankali ɗaya madaidaici a tsakiya, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Hura wuta kaɗan-kaɗan a ƙarƙashi. Idan dankalin ya nuna, zafi ya ratsa ƙasar. Turiri ake so, kada ka bari ta bushe ta ƙone. Sauke ta, ka juye a wuri mai tsabta, ta huta kwana 7 kafin shuka.

Idan ba ka da itace, baza jiƙaƙƙiyar ƙasar a rana a watan Maris ko Afrilu, ka rufe da farar leda, ka danne gefenta, har mako 4 zuwa 6.

Shuka da kulawa

Gwangwanin madara, ledar ruwan sha ko tsohon kasko duk sun isa. Wanke su, ka huda ƙasansu don ruwa ya fita. Zurfin shuka kada ya wuce santimita 1. Ajiye su inda rana ke samunsu da safe, inda kaji da awaki ba sa kai wa. Tsiron da aka bari cikin duhun ɗaki yakan yi tsawo ba ƙarfi.

Ba da ruwa da safe, kaɗan-kaɗan. Yawan ruwa shi ke kawo ruɓewa. Tsiron da ya kwanta, cire shi da ƙasarsa ka yar nesa.

Tumatir yakan isa dashe cikin mako 4 zuwa 5, barkono mako 6 zuwa 8. Saura mako ɗaya a dasa, rage ruwa, ka bar su a rana don su yi ƙwari. Yi dashe da yamma.

Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.