Babi na Bakwai: Nutso a Bahar Maliya

Kafin zuwan jirgin sama, alhazanmu da ƙafa suke tafiya Makka, ko a kan jaki da raƙumi. Su ratsa Borno da Wadai da Darfur, su haye Kogin Nilu, har su kai bakin Bahar Maliya a garin Sawakin. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sun yi shekara da shekaru a hanya. Wasu kuma zama ya kama su a Sudan, jikokinsu na can har yau, a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Fot Sudan. Saman wannan teku dai mutanenmu sun san shi. A wannan babi za mu leƙa ƙarƙashinsa, mu ga abin da ke ciki, da yadda ake shiga a fito lafiya.

Bahar Maliya doguwa ce, ta haura kilomita 2,000, tana tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinta, ga rana mai ƙuna, ga ƙarancin ruwan sama. Shi ya sa gishirinta ya fi na yawancin tekuna. Shi ya sa kuma ruwanta yake garau, tun da babu laka da ke shigowa ta gurɓata shi. Mai nutso yakan hangi abin da ke nesa da shi da mita 20 ko 30. Hasken rana na ratsawa ƙasa sosai, kuma hasken nan shi ne ran murjani.

Wanda ya ga murjani a ƙarƙashin ruwa zai rantse dutse ne, ko wata bishiya mai rassa. Alhali halitta ce mai rai. Wasu 'yan ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki, da yawansu ba su kai ƙwayar gero biyu ba, suna zaune dubbai a wuri guda. Kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri daga sinadarin da ke cikin ruwa. Idan ta mutu, ta baya ta ɗora nata ginin a kai. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci, ta ci, ta ciyar da mai masaukinta, ita ce kuma ke ba shi launi. Ginin ba ya sauri. Murjani mai dunƙulen jiki yakan ƙaru da kamar santimita 1 a shekara. Saboda haka dunƙulen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka. Wannan ba shi ne jan murjanin da mata ke sa wa a wuya ba. Wancan danginsa ne, kuma daga tekun Bahar Rum aka fi samo shi.

Tuddan murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan tekunan duniya ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke samun abinci da maɓoya. A Bahar Maliya kaɗai akwai kifi sama da iri 1,000, wasu ba a samunsu ko'ina sai nan. Tsohon garin Sawakin ma, wanda ke kan ɗan tsibiri, da dutsen murjani aka gina benayensa. Da mashigarsa ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905, kasuwa ta koma can, benayen Sawakin suka yi ta zubewa.

To, yaya ɗan Adam yake shiga wannan wuri ya daɗe? A 1943 wasu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙera na'urar da ake amfani da irinta har yau. Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe a baya, an ɗura mata iska an matse. Mutane da yawa suna zaton oksijin zalla ne a ciki. A'a, iskar nan ce da muke shaƙa, an dai tace ta. Daga tukunyar akwai tiyo zuwa baki, da wata na'ura da ke sakin iska daidai lokacin da mutum ya ja numfashi. Akwai gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi don tura ruwa, da ɗamarar dalma mai ja ƙasa, da riga da ake hura wa iska ko a sace ta don mutum ya tsaya inda yake so. Akwai kuma agogo biyu, ɗaya na nuna zurfi, ɗaya na nuna sauran iska.

Kayan ba su ne abin wuya ba. Abin da ya wajaba a fahimta shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Kunne ne ke fara sanar da kai. Shi ya sa mai nutso yake toshe hanci ya hura a hankali, tun kafin zafi ya zo, kuma yana maimaitawa yana sauka. Mai mura ba ya iya wannan, don haka ranar da yake mura ba ya shiga. Iskar tukunya ma tana saurin ƙarewa a zurfi. Wadda za ta kai ka sa'a guda a kusa da sama, a mita 30 ba za ta kai rabin haka ba.

A nan ina son masunta da duk gwanin iyo su saurara da kyau. Wanda ya koyi nutso a kogi ya saba ya cika ƙirji ya riƙe numfashi, ya shiga, ya fito. Wannan daidai ne a kogi. Amma da tukunya a baya, wannan sabo yana iya kisa. Iskar da ka shaƙa a mita 10 matsattsiya ce. Idan ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka biyu a cikin huhu, huhu kuwa ba zai ɗauka ba, sai ya yage. Doka ta farko ke nan da kowane malamin nutso yake koyarwa: kada ka taɓa riƙe numfashi. Ka shaƙa, ka fitar, ba tsayawa.

Doka ta biyu ita ce tasowa a hankali. Mafi yawan iskar da muke shaƙa naitirojin ce. A zurfi, matsi yana tura ta cikin jini da nama ta narke. Dubi kwalbar lemo mai gas. Tana rufe ba ka ganin komai, amma ka ɓalle murfin da sauri sai kumfa ta taso. Haka jinin wanda ya taso da gaggawa yake yi. Kumfar tana maƙalewa a gaɓoɓi ko a laka ko a ƙwaƙwalwa, ta kawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko ajali. Maganinsa sai an sa mutum a wani ɗaki na musamman mai matsin iska, irin ɗakin kuwa ba kowane gari ke da shi ba. Saboda haka ake tasowa sannu sannu, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ba a hawa jirgin sama sai an kwana an wuni bayan nutso. Ba a shiga mutum ɗaya, sai da abokin tafiya, kowa na lura da ɗan'uwansa. Tun da ba a magana a ruwa, da hannu ake yi. A kula, ɗaga babban yatsa sama ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu tashi. Lafiya lau ita ce a haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, kada su kusanci wannan abu sai likita ya duba su ya yarda. Mace mai ciki kuwa ba ta yi sam.

Yanzu mu je wuraren. Kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai Sanganeb. Zoben murjani ne da ya taso daga ƙasa mai zurfin ɗaruruwan mita, da hasumiyar fitila a kansa don gargaɗin jirage. Gefensa a tsaye yake sak, mai nutso na shawagi a jikinsa, ƙasa kuwa sai shuɗi har inda ido ya ƙare. A nan ake ganin kifin shak mai kan guduma suna wucewa garke garke. Mutane na tsoron shak, amma yawancinsu ba ruwansu da mai nutso, ƙarar kumfar numfashinsa ma korarsu take yi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Sanganeb cikin wuraren gado na duniya, tare da mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar, masu nisan kilomita 125 arewa da Fot Sudan.

A Dungunab ruwa ba zurfi, ƙasansa ciyawa ce. Nan ne makiyayar wata dabba da ake kira dugon, 'yar'uwar ayun da ke Kogin Kwara da Binuwai. Ciyawa take ci, tana tasowa ta shaƙi iska, tana shayar da ɗanta nono. Ba ta haihuwa sai bayan shekaru, ɗa guda, don haka kowace ɗaya da ta mutu a komar masunta babbar asara ce. Akwai kuma kifin manta, mai fukafukan da kan kai mita 3 ko 4, wanda duk girmansa ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci. Kunkurun teku kuma suna hawa yashin tsibiran da dare su yi ƙwai.

Dab da Fot Sudan akwai wani jirgin Italiya mai suna Umbriya, kwance a gefensa ɗaya. A watan Yuni na 1940 ya iso ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000, sojan ruwan Ingila suka tsare shi. Da kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya sa aka nutsar da shi don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Bama-baman na nan jere a cikinsa, da motoci ƙirar Fiat. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, kifi sun mai da shi gida. A wani tudun murjani mai suna Sha'ab Rumi kuma, a 1963, Kusto ya kafa gida a zurfin mita 10, mutanensa suka zauna ciki wata guda cur. Rumfar da suke ajiye ɗan jirginsu na nutso tana nan.

Ƙananan halittun su suka fi burge ni. Akwai kifin aku, mai baki mai ƙarfi, da ke kankare gansakuka daga jikin murjani. Dutsen da ya haɗiye yakan fito gari, kuma wani kaso na farin yashin tsibiran nan daga cikinsa ya fito. Akwai wani ɗan kifi mai aikin wanzanci. Yana da wurin zamansa, manyan kifaye su zo su buɗe baki, ya shiga ya tsince musu ƙwari, ya fito ba a haɗiye shi ba. Launukansu kuwa sai da tocila ake ganinsu sosai, domin ruwa yana shanye ja tun a mitocin farko.

Ba a taɓa komai. Wannan kariya ce ga ɓangare biyu. Akwai kifin dutse, wanda ba ka bambanta shi da dutsen, ga ƙayoyi masu dafi a bayansa. Wanda ya taka shi, a tsoma wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, a garzaya da shi asibiti. Akwai murjanin wuta mai ƙona fata. Shi ma murjani hannu na ji masa ciwo. Shurin takalmi guda, ko ƙugiyar tsayar da jirgi da aka jefa ba kula, tana karya ginin shekara 50. Idan zafin ruwa ya wuce yadda aka saba da ko maki 1, ya ɗore makonni, murjani yakan kori gansakukarsa ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Ledar da aka yar kuma, kunkuru yakan ɗauka abinci ce ya haɗiye, ta toshe masa hanji.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, baƙi masu zuwa nutso sun ɗauke ƙafa, masu ci daga wannan sana'a sun shiga wani hali. Allah Ya kawo musu zaman lafiya. Mai son koyo a yau yana iya samun makaranta a Jidda, ko a Hurgada ta Masar, ko a tsibirin Zanzibar. Karatun farko kwana 3 ne ko 4. Za a gwada shi ya yi iyon mita 200 ba hutawa, ya kuma tsaya a kan ruwa minti 10. Ana fara koyarwa a ruwa marar zurfi, sannan a fita teku tare da malami. Takardar shaidar da za a ba shi ta yarje masa mita 18 ne kawai. Mai son wuce nan sai ya koma wajen malami ya ƙara karatu.