Karanta Allon Moto Kafin Ka Sayi Inbata

A Kano da sauran manyan garuruwa yanzu akwai kafintocin da ke sassaƙa ƙofa da fuskar gado da allon shago da inji mai bin umarnin kwamfuta. Ana zana adon a kwamfuta, inji ya bi zanen yana fere katako. Wannan darasi na matasan Gummi da Anka da Bukkuyum ne masu burin kawo irin wannan inji gida, da duk wanda ke neman abinci da moto mai cin lantarki.

Abin da ke juya wuƙar injin wani ƙaramin moto ne mai tsananin gudu. Ba a jona shi kai tsaye da wutar gari. Sai an sa wani akwati a tsakani, wanda masu sana'a ke kira inbata. A jikin kwalinta za ka ga haruffa uku: VFD. Ba ita ce inbatar sola ta kunna fitila da fanka ba. Wannan ita ce linzamin moto. Ita ke tashinsa a hankali, ta ƙara masa gudu, ta rage, ta tsayar da shi.

Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara, kamar ta ko'ina a Najeriya, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Shi ake rubutawa 50 Hz. Da irin wannan wuta, moton sassaƙa ba zai wuce juyi 3,000 a minti ba. Yawancinsu kuwa an ƙera su ne don 400 Hz, su yi juyi 24,000. Yi lissafin da kanka: 50 sau takwas 400 ne, 3,000 sau takwas kuma 24,000. Inbata ce ke ninka kai da komowar wutar.

To, wace za ka saya? Amsar tana jikin moton. Kowane moto yana da ɗan allo, ko rubutu da aka zana a jikinsa. Kwafe shi a takarda, ka tafi kasuwa da ita.

Fara da harafin V. Idan ka ga 220V, inbata mai karɓar wuta layi ɗaya, irin ta gida, za ta iya ba moton layi uku da yake bukata. Idan 380V ka gani, sai wuta mai layi uku. Inbatar 220V ta yau da kullum ba ta ɗaga wuta ta kai can.

Sai harafin A, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Mai shago zai ce maka, “Maigida, wannan ta doki uku ce, ta yi daidai da motonka.” Gaskiya ne, idan motonka 2.2 kW ne, kusan ƙarfin doki uku ke nan. Amma lambar da ke kusa da A ita ke nuna yawan wutar da moto ke zuƙa idan wuƙa ta shiga katako mai tauri. Dole lambar A ta inbata ta kai ta moto, gara ma ta ɗara. Idan moto 8A ne, nemi mai 10A. A ganina, a ƙasarmu mai zafi da wuta mai hawa da sauka, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki ta gaba da ita. Tsadarta ba ta kai asarar moto ba, balle zaman jiran wani ya iso daga Kano.

Duba kuma ko inbatar tana kaiwa 400 Hz. Kaiwar ma ba ta wadatar ba. Da yawa suna fitowa daga kamfani a saite kan 50 Hz. Idan aka kunna haka, za ta tura wa moto cikakkiyar wuta tun yana tafiya a hankali, ya yi zafi, koyil ya ƙone. Kafin a danna maɓalli, mai aikin wuta ya shigar mata da lambobin da ke allon moto, kai kuma ka tsaya kana karanta masa.

Yawancin inbata an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma bazararmu a Afrilu tana haura haka. Kafa ta a bango, a inuwa, inda iska ke ratsawa. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke toshe fankarta.   

Kada ka sa makunni tsakanin inbata da moto, domin katse wuta a nan yana iya kashe ta. A ɗaura wa inbata da moto wayar da ke sauke wuta a ƙasa. Idan da janareta za ka yi aiki, ƙarfinsa ya zarce na moto sosai. Bayan an kashe inbata, wuta tana saura a cikinta. Jira aƙalla minti goma, fitilarta ta mutu, mai aikin wuta ya auna da mita kafin kowa ya sa hannu.

Masu noman rani a fadamun Gummi ma za su gamu da 'yar'uwar wannan inbata a famfon ruwa mai aiki da sola. Ita daga faifan sola take karɓar wuta, kuma famfo galibi 50 Hz yake so. Kada ka ɗauki saitin injin sassaƙa ka sa wa famfo. Karanta V da A da Hz na famfon, ka sayi wadda aka yi domin sola.