Ikon Allah da Zaɓin Ɗan Adam

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun malaman addinin Kirista. Idan Allah ne ke mulkin kome, kuma ya san abin da zai faru tun kafin ya faru, to, ina zaɓin mutum? In kuwa mutum ba shi da zaɓi, don me za a hukunta shi saboda zunubi?

Wajen shekara ta 400 wani malami mai suna Felajiyas ya koyar cewa mutum yana iya bin dokar Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya ce a'a, zunubi ya raunana zuciyar mutum, ba ya iya samun ceto sai da alherin Allah. Taron Kartej na 418 ya ƙi koyarwar Felajiyas.

Gardamar ba ta mutu ba. Kalbin na birnin Janiba ya nace cewa Allah ne ya zaɓi waɗanda za su tsira tun fil azal. Mabiyan Arminiyas suka ce Allah yana miƙa alherinsa ga kowa, mutum kuwa yana iya karɓa ko ya ƙi. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya goyi bayan mutanen Kalbin, amma daga baya Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya bi ra'ayin Arminiyas. Majami'un Sabon Gari da na Wusasa sun gaji koyarwarsu daga irin waɗannan malamai, shi ya sa wa'azinsu kan ɗan bambanta.

A ganina Littafi Mai Tsarki ya riƙe abu biyun tare. A Farawa sura 50, Yusufu ya nuna wa 'yan'uwansa cewa sun yi nufin cutarsa, amma Allah ya juya abin ya zama alheri. Ikon Allah ya tabbata, laifinsu kuma bai goge ba.

Mu dubi Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922. Masanan nan ba su iya saukar da ruwan sama ko ɗigo ɗaya, duk da haka suna zaɓen iri mai kyau, suna koya wa manoma lokacin shuka. Manomin da ya kwana a inuwa damina ta wuce, ba shi da bakin cewa Allah ne ya hana shi dawa.

Haka yake gare mu. Wanda ya yi wasa da karatu ya faɗi jarrabawa kada ya fake da ƙaddara. Wanda kuma ya ci kada ya yi girman kai, domin lafiya da basira kyauta aka ba shi. Allah ya ba mu ikon zaɓen abin kirki, amin.