Darasin Manomi: Buɗe Gurup na Manoma a Waya, da Wuraren da Sabon Shiga Yake Tuntuɓe

Darasinmu na wannan fitowa a kan waya yake. A ce ƴan kwaperatif ɗinku na Jiratawa, ko ƴan unguwarku a Tibiri, sun taru sun ce maka: tun da kai ne mai babbar waya, kuma ka ɗan taɓa lakwal, buɗe mana gurup a WhatsApp mu riƙa jin labarin juna. Ka amsa da to. Ka koma gida ka zauna da waya a hannu, ka rasa ta inda za ka fara. Ko kuwa ka buɗe, amma kafin kwana goma gurup ya cika da gaisuwa da hotuna, megan mutane sun ƙare, dattawa sun fita ba sallama. In haka ta same ka, zauna ka karanta, ka kuma karanta wa maƙwabcinka.

Da farko ka sani wannan abu ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kayan aikin ne kaɗai suka sake. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar. A lokacin mutanen gari sukan taru gaban akwatin rediyo guda, su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, sa'an nan su tattauna abin da suka ji. Akwai jagora, galibi malamin lakwal, wanda yake ɗaukar muryoyinsu a na'ura, a aika Yamai, a sa a rediyo kowa ya ji. Manoman Kanada sun fara irin wannan zama a 1941, na Indiya a yankin Puna a 1956, na Gana a 1964. Abu uku ne suka riƙe waɗannan taruka: akwai jagora, akwai magana guda da aka taru a kanta, akwai lokacin farawa da na tashi. To, gurup na waya ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikinsu. Kai ne za ka saka su da hannunka, kuma wannan ya fi danna maɓalli wuya.

Maganar lamba

Tuntuɓen farko a lamba yake. Kafin ka buɗe kome, ɗauki littafi da biro ka rubuta sunan kowa da lambarsa. Ka tambaye shi a kan wace lamba ya buɗe WhatsApp ɗinsa, gama mutane da yawa layi biyu gare su, suna kira da ɗaya, intanet kuma yana kan ɗayan. Lambar Nijar ƙwaya takwas ce, kana sa +227 a gabanta. In akwai mai layin Najeriya, kamar dillalinku na Jibiya ko na Katsina, sai ka sa +234, ka jefar da sifirin farko na lambarsa. Wannan sifiri ya wahalar da mutane ba kaɗan ba. Za ka yi ta neman mutum ka rasa shi, har ka ce wayarka ce ta lalace, alhali sifiri guda ne ya tsaya a hanya.

Za ka kuma tarar rabin mutanenka ƙaramar waya mai maɓalli gare su, wadda yawancinta ba ta ɗaukar WhatsApp. Kada ka bar su a baya, domin sau da yawa su ne tsofaffin hannu a gona. Haɗa kowane ɗaya da maƙwabci ko ɗansa mai babbar waya, ka rubuta haka a littafinka.

Kada ka saka mutum sai ka nemi yardarsa baki da baki. Duk wanda ya shiga, sauran suna iya ganin lambarsa. Ga namiji wannan ƙaramin abu ne. Ga matar aure mai sana'ar zogale ba ƙaramin abu ba ne, baƙon kira guda da dare yana iya kawo mata tashin hankali a gida. In mata suna so, shawararmu ita ce su yi nasu gurup, mace ta riƙe shi, sai ku riƙa miƙa wa juna labarin da ya shafi kowa.

Buɗewar kanta ba wuya. A wayar Android, shiga WhatsApp, taɓa ɗigo uku na sama ta hannun dama, zaɓi inda aka rubuta Nouveau groupe, ka taɓa sunayen mutanenka, ka raɗa wa gurup suna. Sunan ya faɗi gari da aiki, misali Manoman Zogale na Jiratawa. Gurup yana ɗaukar mutum har 1024, amma kada wannan ya ruɗe ka. Mutum talatin ko arba'in da suka san fuskar juna sun fi ɗari biyar da ba wanda ya san wani.

Ranar da ka buɗe, ka naɗa mutum na biyu ya riƙe gurup tare da kai, wanda ake ce wa admin. Waya takan faɗa rijiya, takan ɓata a kasuwa. In kai kaɗai ne mai riƙo, ranar da wayarka ta salwanta ba mai iya fitar da ɓata-gari ko gyara kome. Akwai kuma igiyar gayyata, wato ɗan rubutun nan mai launi da in mutum ya taɓa shi sai ya tsinci kansa a ciki. Sabon shiga yakan aika wa mutum ɗaya, shi kuma ya aika wa goma, kafin Juma'a gurup ya cika da masu tallan magani. Shiga wurin dokokin gurup ka kunna inda aka ce sai mai riƙo ya yarda kafin sabon mutum ya shiga. In igiyar ta riga ta bazu, akwai wurin soke ta a yi sabuwa.

Abin da yake cinye mega

Kukan da za ka fara ji shi ne: gurup ɗinka ya cinye mini kuɗi. Gaskiya ne kuwa. Yadda waya take zuwa, takan sauko da hotuna da kanta ko ba a nema ba. Ka zauna da kowa, ɗaya bayan ɗaya, ku shiga Paramètres, sa'an nan Stockage et données, ku kashe saukowar hoto da bidiyo, yadda ba abin da zai sauko sai an taɓa shi. Wannan yana hana waya cika kuma. Saƙon murya na minti guda ba ya cin kome in an gwada da bidiyo, wanda yakan ci ninkin ba ninkin. Don haka ku yi doka tun ranar farko: ba a sa bidiyon da bai shafi gona ba. Gaisuwar Juma'a da ta safe abu ne mai kyau, amma in mutum arba'in kowa ya aiko da hoton fure, saƙon da ya ce gobe za a ba ɓangarenku ruwa zai nutse a tsakani, wani ya rasa zagayensa. Ku yarda babban cikinku ya yi gaisuwa a madadin kowa.

Yadda ake faɗin farashi

Nan muke so ka buɗe kunne sosai, domin nan ne ake asara. Yawancin mutanenka da murya za su yi magana, ba da rubutu ba, kuma haka ya fi. Amma saƙon murya in aka tura shi daga wani gurup zuwa wani, ba ya tafiya da ranar da aka fara yin sa, ba ya kuma faɗin wanda ya yi shi. Alamar an turo kawai za ka gani. Saboda haka ka koya wa kowa ya fara da abu uku: sunansa, garin da yake, da ranar. Bayan haka ya faɗi maganarsa a taƙaice.

Ɗauki misali. Wani ya ce: wake ya kai ɗari biyu. Ɗari biyun me? In da dala yake lissafi, jaka guda ke nan, tun da dala faranka biyar ce. In yaron lakwal ne mai ƙirga da faranka, abin ya sha bamban. In kuwa daga Jibiya aka turo, da naira ake magana. Sa'an nan tiya ce ko buhu? Farin wake ko ja? Kuɗin da dillali yake saye, ko wanda mai awo yake sayarwa? Mutum yana iya jin saƙon mako uku da suka wuce, ya ɗora buhu huɗu a amalanke, ya nufi kasuwar Maraɗi ran Litinin, ya iske farashi ya faɗi, ga kuɗin ɗauko ya riga ya biya. Gobe kai zai zarga, ba wayar ba. Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu zuwa kasuwa Litinin da Juma'a, su ne za su riƙa faɗin farashi, da ma'auni, da irin kuɗin. Hukumar SIMA tana tattara farashin kasuwannin ƙasa, kuna iya gwada naku da nata.

Labarin ruwan sama ma haka. An sha ruwa jiya ba labari ba ne sai an faɗi gari, an kuma faɗi zurfin laima. Masana sukan ce a jira ruwan da ya kai milimita 20 kafin shuka. Ruwan Tibiri ba lalle ya sauka a Jiratawa ba, kai ma ka sani.

Magani da masu ba da shawara

Wata rana wani zai aiko da hoton ganye mai huji ya ce mene ne magani. Cikin minti biyar mutum shida za su ba shi magani shida. Wannan shi ne wuri mafi hatsari a gurup na manoma, gama maganin ƙwari guba ne, abin da aka fesa wa zogale ko tumatir kuwa cikin tukunya yake ƙarewa. Wani zai ce a zuba wa wake fiya-fiya kafin a adana. Ka sani saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ga shi kuwa akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masu binciken INRAN na Tarna suka yi aiki a kansa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. In wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowace leda dabam ba huji, iska takan ƙare wa ƙwarin, ba sai da magani ba.

Don haka ku roƙi malamin gonarku ya shiga gurup, ku kuma yi doka cewa ba a faɗin sunan magani da awonsa sai shi ya tabbatar. Abin da ya fi ƙarfinsa ya san inda zai kai: ofishin kare tsirrai, ko Majalisar Manoma ta jihar Maraɗi, wadda take cikin haɗakar RECA. Ka koya wa mutane ɗaukar hoto mai amfani: da rana, a kusa, a juya bayan ganyen, a ɗauki tsutsar kanta in an same ta, a faɗi kwanakin shukar. Murzunar da take huda zangarniyar gero da tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016 ba abu ɗaya ba ne, hoton da aka ɗauka daga nesa kuwa ba ya rarrabe su. In wani ya sa shawara mai cutarwa, kai mai riƙo kana da ikon goge ta daga wayar kowa. Goge ta nan da nan, sa'an nan ka kira shi kai da shi ka yi masa bayani. Kada ka kunyata babba a gaban jama'a.

Lambobi shida

Akwai ɓarayi masu sace WhatsApp ɗin mutane, kuma hanyarsu guda ce. Za a kira ka, ko a rubuto da sunan wani da ka sani, a ce an sa ka cikin masu samun taki ko tallafi, ko a ce za a yi taron gurup, ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, an fitar da kai, ɓarawo ya zauna a mazauninka, ya shiga roƙon ƴan'uwanka kuɗi da sunanka. Ba ma'aikacin gona, ba na kamfanin waya, ba na rediyo da yake da dalilin tambayarka su. Ka faɗa wa mutanenka wannan da murya, ka maimaita kowane wata.

Rigakafin yana cikin Paramètres, sa'an nan Compte, inda aka rubuta Vérification en deux étapes. A nan za ka zaɓi naka lambobi shida na sirri. Kada ka sa shekarar haihuwa, kada ka bar yaron shagon caji ya zaɓa maka. In saƙo ya zo daga ɗan gurup yana neman a tura masa kuɗi da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa tukuna. In ta tabbata an sace, ka fitar da lambar daga gurup har sai ya karɓo kayansa.

Abu na ƙarshe, ka ɗauko dabarar ƴan Radiyo-Kulob. Kowane mako ku tsai da magana guda: wannan mako biyan kuɗin ruwa, mai zuwa sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwa su tofo a gona. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku zauna a inuwa, ka kunna muhimman saƙonnin mako da ƙarfi domin marasa babbar waya su ji, ka ɗauki amsarsu ka sa a gurup. Ka zo da wayar cike da caji, da littafin nan naka na sunaye, ka duba ko akwai wanda ya sake lamba.