MAJAMI'AR TIKOCIN: GINI YA TSAYA, JAMA'A BABU

Muna yawan gamuwa da kalman nan "majami'a" cikin Sabon Alkawari. Majami'a dabam take da Haikali, gama ba a miƙa hadaya a cikinta. Ɗaki ne inda Yahudawa su kan taru domin addu'a da karatun Attaura, kamar yadda Ubangijinmu ya saba yi a Nazarat ran Asabar. A wannan wata za mu bincika labarin wata majami'a a Tikocin, wani ƙaramin gari cikin ƙasar Folan, a Turai.

1. Gidan Addu'a

A shekara ta 1522 mai garin ya kira iyalan Yahudawa 10 su zo su zauna. Suka yi yawa, har a 1642 suka gina babbar majami'a mai kaurin bango. A tsakiyarta akwai dakali mai ginshiƙai 4 inda a kan hau a karanta Attaura. Suka rubuta addu'o'i da Ibrananci a jikin bango, domin wanda ba shi da littafi shi ma ya bi. Kusan shekara 300 ana sujada a wurin.

2. Ɗakin Ajiya

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Hitila suka ci garin. Ran 25 da 26 ga Agusta 1941 suka tara Yahudawa a kasuwa, suka kai su kurmi, suka harbe fiye da 1,400, maza da mata da yara. Aka washe kayan majami'ar, aka mai da ita ɗakin ajiya. Bayan yaƙi ma, takin zamani aka riƙa tarawa a ciki.

3. Gidan Tuni

Daga baya aka gyara ginin, a 1977 ya zama gidan tarihi. Addu'o'in suna nan a bango, baƙi suna zuwa kallo, amma ba sauran jama'ar Yahudawa a garin.

Abin Koyo

'Yan'uwa, an gyara bango, amma wa zai iya komo da mutanen? Ƙiyayyar da ta cinye su ba dare ɗaya ta tsiro ba. An daɗe ana shuka ta da baki, har a bakin waɗansu masu kiran sunan Kristi. Saboda haka mu tsare harshenmu a kan maƙwabcin da sujadarsa ta bambanta da tamu.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin majami'a da Haikali?
2. Idan aka taso wa maƙwabcinmu saboda addininsa, me ya wajaba mu yi?