Sanƙo Daban, Zubewar Gashi Daban: Darasi Ga Mai Fassara

Gabatarwa
Ɗalibin da aka ba shi fassarar bayanin lafiya yakan yi tuntuɓe da kalmar tayirod. Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, wadda sinadarinta ke daidaita aikin jiki. Bahaushe ya san kumburinta, wato maƙoƙo, wanda rashin aidin ke yawan jawowa. Shi ya sa Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993. Sai dai tayirod kan lalace ko da wuya bai kumbura ba.

Bambancin Kalmomin
Sanƙo yawanci gado ne, yakan cinye goshi ko tsakar kai. Idan kuwa sinadarin tayirod ya yi kaɗan ko ya yi yawa, gashi kan yi ta zuba ko'ina a kai, wani lokaci har da gefen gira. Ƙarancinsa kan zo da kasala da jin sanyi, yawansa kuma da rama da bugun zuciya.

Magani
Gwajin jini ne ke tantancewa, don haka sai a nufi asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Ana ba mai ƙaranci levothyroxine, mai yawa kuma carbimazole. Gashin yakan dawo bayan wasu watanni.

Kammalawa
Idan mai fassara ya ce "sanƙo", mara lafiya zai haƙura ko ya sayi man shafawa. Idan ya ce "zubewar gashi", ya kuma kawo alamomin, ya nuna masa hanyar likita.